Katin Ruwan Toka a Ƙarƙashin Koren Tamfol

Matata Afiniki ba ta nan. Wurinta a benci na biyu, gefen taga, yau wata ce a zaune a kai, kuma hakan daidai ne, ba a yi benci don ya zauna wofi ba. Ku da kuka san ta kun san ita take ɗaga mana waƙa kafin a fara darasi, ni kuwa ina bin ta a baya da muryata irin ta tsohuwar garwa. Yanzu in an ce a ɗaga waƙa sai mu tsaya muna kallon juna.

Akwai wani abu da mai makoki ba ya son faɗa, amma zan faɗa, domin na san ba ni kaɗai ba ne a cikin ɗakin nan. Fuskar wanda ya tafi guduwa take yi. Ka rufe ido ka neme ta, sai ta zo rabi, ko ta zo a irin yadda ba ka so. Da dattawa suka ce in riƙe darasin wannan Lahadi, na ce to. Karatuna bai yi zurfi ba, saboda haka misali zan ba ku. Wasu za su ce ni ne mutumin da ke ciki. Ba ni ba ne, misali ne, sai dai ciwonmu ɗaya da shi.

Akwai wani mutum, manomi, wanda matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu. Sun daɗe tare, sun yi noma tare, sun aurar da 'yarsu, ɗansu ma ya zama magidanci. Amma jinyar ta ci jikin matar ƙwarai, har ta zama kamar ba ita ba. Bayan an binne ta, duk lokacin da mutumin ya rufe ido don ya gan ta, fuskar gadon asibiti ce take zuwa masa, ramammiya, koɗaɗɗiya. Ya nemi fuskar da takan kawo masa kunu a gona da ita, ya rasa. Ya nemi wadda take yi masa faɗa da ita in ya shigo ɗaki da taɓo a ƙafa, ita ma ya rasa. Abin ya dame shi fiye da yadda zai iya gaya wa kowa.

Da shekara ta kusa zagayowa, 'ya'yansa suka zo gida don a shirya sujadar tunawa. Suka ce ya kamata a wanke babban hoton Mama, a sa a gilashi, a rataya a ɗaki. Hoto mai kyau guda ɗaya gare ta. An ɗauke shi ranar godiyar kaka, kafin ciwon ya kama ta, tana tsaye cikin zanen zumuntar matan majami'a da kwandon doya a gefenta. Mutumin ya yi murna a ransa. Ya ce ko da zuciya ta manta, ai hoto ba ya mantuwa.

'Yar, wadda ita ce babba, ta ciro wayarta ta miƙa masa. Ta ce, "Baba, ga ta nan. Dubi Mama, fara sol kamar amarya."

Ƙanenta ya leƙo ta kafaɗar uban, ya yi tsaki. Ya ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Yaushe Mama ta yi fari haka? Wayarki ce, duk wanda ya shiga cikinta sai ta shafa masa mai. Ko bayan tukunya kika ɗauka, 'yar gayu za ta fito."

Ta ce, "To, sarkin sani, kawo taka mu gani."

Ya buɗe tasa wayar. Hoto ɗaya ne, tsayuwa ɗaya, kwando ɗaya, amma a nan matar ta yi jajawur, zanenta mai shuɗi ya koma wata kala dabam.

Yayar ta fashe da dariya ta ce, "Kai kuma taka kamar an tsoma Mama a manja."

Suka yi ta gardama, kowa yana cewa tasa ce gaskiya. Daga ƙarshe suka juya ga ubansu suka ce, "Baba, kai za ka raba mu. Wacce ce Mama?"

Mutumin ya riƙe waya ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Sai ya ce, "Ku kai a wanke a takarda. Waya ba abin dogara ba ce."

Ɗan ya kai hoton wani shago a kasuwa, aka wanke, ya kawo. Uban ya zare shi daga cikin ambulan. A takardar, fuskar matar ta fito da wani kore-kore, leɓɓanta sun dushe, kamar wadda jini ya ƙare mata. Fuskar asibitin nan ce, wadda yake gudu, ta biyo shi har cikin hoton ranar godiya. Ya kife takardar a kan tabarma, ya tashi ya tafi bayan rumbu, ya daɗe a can.

Kashegari 'yar ta ce, "Mu je wurin wadda ta ɗauki hoton tun farko. Wataƙila na asali yana wurinta."

Mai hoton mace ce, tana da shago a cikin gari. Ita ce ikilisiya ta kira ranar godiyar. Ta karɓe su, ta ba uban kujera, ta ce, "Baba, ya muka ji da haƙuri?"

Ya ce, "Mun gode Allah, 'yata."

Ta nemi hoton a kwamfutarta, ta same shi, ta buɗe shi a manhajar da take gyaran hotuna da ita. A allon kwamfutar ya fito da wata kalar kuma, ba irin ta wayar 'yar ba, ba irin ta wayar ɗan ba, ba kuma daidai da ta takarda ba. Mai hoton ta ce, "Baba, kai ne mai kaya. Ina iya ƙara ja, ina iya rage kore, ina iya haskaka ta. Ka matso ka gaya mini."

Ya ja kujerarsa kusa. Ta ja wani ɗan layi a allon, fuskar ta yi ja.

Ya ce, "Ƙara kaɗan."

Ta ƙara.

Ya ce, "A'a, ya yi yawa. Rage."

'Yar ta ce a haskaka, ɗan ya ce a ƙara duhu. Mai hoton tana ja gaba tana ja baya, fuskar matar tana sauyawa a gabansu, yanzu kamar mai zazzaɓi, anjima kamar baƙuwa daga wata ƙasa. Can sai mutumin ya ɗora hannunsa a kan tebur ya ce, "Bari, 'yata. Bari haka. Ƙara ɓata ta nake yi." Ya sunkuyar da kai, ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Na zauna da matar nan tun ina saurayi. Yau ga shi an tambaye ni kalar fuskarta, ban sani ba."

'Yar ta rufe bakinta da gefen gyale.

Mai hoton ta saki abin da take yi. Ta ce, "Baba, ni na yi kuskure da na ɗora maka wannan kaya. Ba kai kaɗai ba, babu idon da yake riƙe launi. Bari in tambaye ka. Ranar godiyar nan, a ina muka tsaya?"

Ya ce, "A ƙarƙashin rumfa, a filin majami'a."

"Da me aka rufa rumfar?"

Ɗan ya ce, "Da tamfol. Kore. Ni na hau na ɗaura shi."

Ta ce, "Yawwa. Rana ta bi ta cikin tamfol ɗin ta zubo muku kore a jiki, ku duka. Baba, ranar ka ga kore a fuskar Mama?"

Ya ce, "Ko kaɗan."

Ta ce, "Amma yana nan. Ido ne mai saurin sabo. In ya zauna cikin kore, ba ya daɗewa sai ya daina ganinsa. Kyamara kuwa ba ta saba da komai ba, abin da ya faɗo mata shi take kwasa. Koren da ka gani a takarda ba ciwo ba ne, Baba. Tamfol ne."

Mutumin ya ɗaga kai ya dube ta. Ya maimaita a hankali, "Tamfol ne."

Ta ce, "Tamfol ne. Wayoyin nan kuma kowacce ta ƙara nata son rai a kai. Ku ba ni ɗan lokaci. Za mu daina tambayar ido."

Ta tashi ta ja labulen taga, ta kashe ƙwan lantarki mai rawaya da ke saman kanta. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wata 'yar na'ura mai doguwar igiya, kamar ɗan kunkuru, ta rataya ta a kan allon kwamfutar, cikinta yana manne da gilashin.

Ɗan ya ce, "Anti, hoton za ki gyara ko kwamfutar?"

Ta ce, "Kwamfutar tukuna. Allon nan nawa ma yana zamewa a hankali, ni kuma ba na lura, don kullum ina gabansa. In na gyara hoto da allon da ya karkace, karkatarsa zan zuba a fuskar mutane ina cewa na gyara. Sai an auna abin da nake kallo da shi kafin in taɓa abin da nake kallo."

Sai allon ya fara kawo launuka ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin 'yar na'urar. Ja ya cika shi, ya wuce. Kore ya zo, ya wuce. Shuɗi, fari, baƙi, da waɗanda manomin bai san sunansu ba. Haskensu yana faɗowa a bango da fuskokin 'ya'yansa. Ya zauna yana kallo, bakinsa a sake. Ya sha ganin bakan gizo a gona, amma bai taɓa ganin an kira launuka kowanne shi kaɗai ya zo ya tsaya a auna shi ba. Ya ce a ransa, ashe haske ma yana da mudu.

Da aka gama, mai hoton ta cire na'urar, ta sake sa hannu a aljihun teburin ta ciro wani ɗan kati. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Babu rubutu, babu zane, babu sheƙi. Launinsa ruwan toka, kamar tokar murhu da ta kwana.

'Yar ta ce, "Wannan kwalin fa?"

Mai hoton ta ce, "Duk shagon nan babu abin da ya kai shi muni, babu kuma abin da ya kai shi gaskiya. An yi shi ne yadda bai karkata wajen ja ba, bai karkata wajen kore ba, bai karkata wajen shuɗi ba. Saboda haka duk kalar da aka gani a kansa cikin hoto, an san ba tasa ba ce, ta hasken wurin ce. In aka cire ta daga kansa, an cire ta daga kan kowa."

Ɗan ya ce, "To, ki kara shi a jikin hoton mana."

Ta girgiza kai. "Wannan da ke hannuna a nan ba zai yi mana komai ba. Sai in ya tsaya a wurin da Mama ta tsaya, a ranar, koren da ya zubo mata ya zubo masa. Al'adata ce, duk inda na je aiki, wanda ya fara zuwa layi nakan ba shi katin ya riƙe in ɗauka sau ɗaya. Hoton gwaji ne, ba na wanke shi, ba na ba kowa. In dai ban goge na ranar ba, yana can farko."

Ta fara komawa baya cikin hotunan ranar godiyar. Mata da kwanduna suna wucewa, dattawa da damman dawa, mawaƙa, wani da akuya. Ta yi ta komawa har ta kai na farkon duka. Ta buɗe shi.

'Yar ta yi ƙara ta dafe ƙirji.

Matar manomin ce. Ita ce ta fara zuwa layi a ranar. Tana riƙe da katin a gefen kumatunta, kallabinta ya ɗan zame, bakinta a buɗe tana dariya, da gani tana tsakiyar faɗin wata magana aka ɗauka.

Mai hoton ta tafa hannu ta ce, "Ashe ita ce! Na tuna ta. Da na miƙa mata katin ta ce mini, 'Ke yarinya, mutane suna kawo wa Allah doya da kaji, ni kwali kika ba ni? Wannan ne baikona?'"

Ɗan ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Ya ce, "Mama ke nan. Ba a riga ta layi, ba a riga ta magana."

Hoton dai har yanzu kore ne. Fuskar kore, haƙoran kore, katin ma kore-kore. Mai hoton ta kai 'yar alamar kwamfutar kan katin, ta ce, "Yanzu zan gaya wa kwamfutar cewa wannan wurin ruwan toka ne, ko me ta gani. Baba, duba."

Ta danna sau ɗaya.

Kun san yadda girgije yake wucewa daga kan gona, haske ya bi kunya kunya har ƙarshen fili? Haka koren ya tashi daga kan hoton gaba ɗaya. Ba ta taɓa fuskar ba, ba ta taɓa zanen ba, katin kaɗai ta taɓa. Amma zanen ya koma shuɗinsa, doyar ta koma kalar doya, jar ƙasar filin majami'a ta dawo, haƙoran suka yi fari. Fuskar kuwa ta fito da launin ƙasar gona da aka yi wa huɗa bayan ruwan farko, duhu mai sheƙi, da ɗan ja a ƙarƙashinsa.

Ba wanda ya tambayi manomin komai. Ya miƙe tsaye, ya cire hularsa. Ya ce, "Ita ce."

Ya ƙara matsowa ya ce, "Ita ce. Uwar yara, ashe kina nan."

Abin da ya yi ta nema da ƙarfin kansa bai samu ba, da aka sa shi a gabansa bai yi shakka ba ko ta ƙiftawar ido. Ya tsaya yana kallo, sai sauran fuskokin suka fara dawo masa, ta kunun gona, ta faɗan taɓo, har ta ranar da ya fara ganin ta a bakin rijiya.

Mai hoton ta ɗauki gyaran da katin ya bayar ta sa wa ɗayan hoton, na tsayuwa da kwando, tun da a haske ɗaya aka ɗauke su. Shi ma ya daidaita. Ta ce, "Zan liƙa masa bayanin launinsa a ciki, ya bi shi duk inda ya je, don duk injin da ya karɓe shi ya san abin da ake nufi da wannan shuɗin da wannan jan. Injina na wanki ma na auna shi da irin takardar da nake sa masa. Abin da kuka gani a allo shi za ku gani a hannu." Ta dubi 'yar ta ƙara da cewa, "Ke kuma ki kashe mai shafa man nan na wayarki."

Ta tambayi uban girman da yake so a wanke na tsayuwar.

Ya ce, "Ba shi ba. Wancan nake so."

Ta ce, "Baba, wancan na gwaji ne. Ba a rataya irinsa. Dubi kallabin ma ya zame."

Ya ce, "Shi nake so."

Ɗan ya ce, "To, Anti, ki yanke gefen, a cire kwalin."

Uban ya ce, "Kada a yanke. Takarda tana tsufa, ido yana sabo, ni ma zan tsufa. Gobe in wani ya ce ba haka take ba, ko zuciyata ta ce ba haka take ba, da me za mu gane? A bar shi a hannunta."

Aka wanke shi haka. Suka fito da shi waje cikin rana suka duba, yana nan yadda suka gan shi a allo. Shi ne aka rataya a ɗakin mutumin, mace tana dariya da katin ruwan toka a gefen kumatunta.

Ma'anar wannan misali ita ce. Tamfol ɗin nan shi ne duniyar da muke zaune a ƙarƙashinta, da ciwonta, da zunubinta, da mutuwarta. Hasken Allah yana sauko mana, amma ta cikinta yake biyowa, sai komai ya ɗauki wata kala. Mu kuwa mun saba, ba mu gani. Wayoyin su ne zukatanmu. Ta wani tana shafa wa wanda take so mai, ba ta ganin laifinsa. Ta wani tana tsoma kowa a manjan fushi. Mata da miji sukan zauna a gida ɗaya, abu ɗaya ya faru a gabansu, kowa ya rantse yadda ya gani haka yake. Ba ƙarya suke yi ba, 'yan'uwa. Da gaske haka suka gani. Abin da suke kallo da shi ne ya karkace.

Ku lura mai hoton ba ta amince da allonta ba, ko da yake sana'arta ce. Ta bari an auna shi tukuna. Wannan namu ne, mu iyaye da dattawa da masu koyarwa, mu da muke son gyara mutane. In ba ka kai zuciyarka gaban Allah ya auna ta da Maganarsa ba, kuma ka riƙa komawa, to karkatarka za ka zuba a kan ɗanka kana cewa tarbiyya ce.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro da mamaki shi ne katin. Ba shi da kyan gani. Ba wanda zai tsince shi a hanya. An ɗauki hotonsa an tura can baya, ba don a nuna wa kowa ba. Haka Ubangijinmu Yesu Almasihu ya zo, ba da ado ba, mutane suka dube shi suka kau da kai. Shi kaɗai ne bai karkata ko ta wane gefe ba. Ku tuna kuma abin da mai hoton ta ce, katin da ke cikin aljihun tebur ba ya gyara hoto. Da Ubangiji ya zauna a sama cikin tsarkinsa, da gaskiyarsa tana nan, amma da ba ta kai gare mu ba. Sai ya sauko ya shiga ƙarƙashin tamfol ɗinmu. Yunwarmu ta zubo masa, gajiyarmu ta zubo masa, ya yi kuka a bakin kabari kamar yadda muka yi, har mutuwar ma ta zubo masa. Da ya tashi a rana ta uku, sai aka gane cewa wannan kalar ba tasa ba ce. In kuwa an cire ta daga kansa, an cire ta daga kan duk wanda yake riƙe da shi.

Bayanin nan da aka liƙa wa hoton don ya bi shi, ku matasa ku riƙe shi. Wanda yake na Almasihu, launinsa ɗaya ne a majami'a, a kasuwa, a makaranta, da cikin waya inda babu mai ganin sa. Kada ka zama fari a nan, ja a can.

Yanzu gare ku, ku da kuka binne wani, kamar ni. Fuskar ƙarshe da kuka gani, ta gadon ciwo, ba ita ce ta gaskiya ba. Tamfol ne. Na asalin yana wurin Wanda ya yi su, bai goge ba, bai ɓata ba. Kada ku wahalar da kanku kuna ƙara ja kuna rage kore a cikin zuciya, kuna jin kunya don kun kasa. Manomin nan bai iya zana fuskar matarsa ba, amma da aka nuna masa ya gane ta. Afiniki ta riƙe Yesu tun tana yarinya, ta riƙe shi a gadon asibiti sa'ad da hannunta ba ya iya riƙe kofi. Rana tana zuwa da za a yaye tamfol ɗin gaba ɗaya. Ba wanda zai tambaye ni komai a ranar. Zan gan ta in ce, ita ce. Kafin ita kuma, za mu ga Shi.

Ina roƙon ku, duk wanda ya ji wannan ko ya karanta, ya sunkuyar da kai mu yi addu'a tare.

Ya Uba, kai ka yi haske, ka san launin kowane abu tun kafin a yi ido. Mu idanunmu sun saba da duhun duniya har muna kiran sa haske. Ka auna zukatanmu, ka daidaita abin da ya karkace a cikinmu kafin mu miƙa hannu ga wani. Mun gode da Ɗanka da ya sauko ya tsaya inda muka tsaya. Ka ba mu ikon riƙe shi, kada mu yanke shi daga rayuwarmu don neman kyan gani. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu da iyayen da suka binne 'ya'ya. Waɗanda suka riga mu, suna hannunka, ka adana mana su yadda ka yi su, har ranar da za mu gan su a cikin haskenka mu gane su. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.